i5 Ko i7? Yadda Ɗalibi Zai Gane Furosesa Kafin Ya Sayi Laftof

'Yan uwa ɗalibai, duk wanda ya kwana biyu a makarantar nan ya san laftof ta tashi daga kayan ado ta koma kayan aiki. Da ita ake buga asaimen, da ita ake rubuta rahoton SIWES, firaktikal ɗin wasu sassan ma ba ya yiwuwa sai da ita, ballantana in aka zo kan furojet ɗin ƙarshe. Mu da muke shekarar ƙarshe ta difloma, da yawanmu HND za mu dawo, wasu kuma jami'a za su wuce. Ke nan wadda za a saya yau, so ake ta raka mutum shekara uku ko huɗu nan gaba. Kuɗin kuwa ba daga sama suke faɗowa ba. Wani awakin mahaifiyarsa aka sayar, wani albashin yayansa ne, wata kuma adashenta ne na shekara guda cur.

Duk da haka, in ɗalibi ya shiga shago, tambaya ɗaya yake yi: "i5 ce ko i7?" Da an ce masa i7 ce, shi ke nan hankalinsa ya kwanta, sai ciniki. Wannan tambayar ita ta jefa mutane da yawa cikin sayen tsohuwar na'ura da kuɗin sabuwa. A wannan darasi za mu bi sunan furosesa harafi bayan harafi, mu ga abin da kowanne yake nufi, sannan mu duba wacce ta dace da wane sashe.

Me ya sa muka fara da furosesa? Saboda a laftof ɗin zamanin nan a like take da allon na'urar, da dalma aka manna ta. In RAM ta yi maka kaɗan, sau da yawa za ka iya ƙarawa. In ma'ajiya ta cika ko ta cika nawa, ka canja. In batir ya mutu, ka sayi wani. Amma furosesar da ka saya da ita, da ita za ka zauna har ranar da za ku rabu.

Mece ce furosesa?

Ita ce ke yin duk lissafin da kwamfuta take yi, shi ya sa ake ce mata ƙwaƙwalwar kwamfuta. Don a saukaka, mu ɗauke ta kamar shagon ɗinki ana gobe sallah.

Abin da ake kira "kor" shi ne yawan telolin da ke cikin shagon. Furosesa mai kor 2 shago ne mai tela biyu, mai kor 4 shago ne mai tela huɗu. In aiki ya taru, mai tela huɗu zai riga gamawa, muddin aikin ana iya raba shi. Akwai kuma abin da ake kira "tired", wato layin aiki. Wasu telolin sukan riƙe ɗinki biyu a lokaci guda, kafin a kawo zaren wannan sun taɓa wancan. Shi ya sa za ka ga an rubuta kor 4, layi 8. Layi takwas ɗin ba su kai tela takwas ba, amma sun fi layi huɗu.

Sai GHz, wato saurin da kowane tela yake taka kekensa. GHz ɗaya na nufin bugu biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa. A nan ne mutane ke ruɗewa, su ɗauka duk wadda lambarta ta fi yawa ita ta fi gudu. A'a. Tela mai sabon keke na lantarki zai ɗinka abin da ya fi na mai tsohon keken ƙafa ko da saurin motsinsu ɗaya ne. Haka sabon zubin furosesa yake yin aiki mai yawa a kowane bugu fiye da tsohon zubi. Don haka ba a gwada GHz sai tsakanin 'yan zubi ɗaya. Kuma lambobi biyu ake rubutawa: saurin yau da kullum, da saurin ƙure maleji wanda ake kira turbo. Na biyun ba ya daɗewa, da na'ura ta ɗau zafi sai ta sauko.

Yadda ake karanta sunan Intel

Mu ɗauki wannan: Core i5-8250U. Kashi uku ne a ciki.

Na farko, i5. Wannan matsayinta ne a cikin 'yan gidansu: i3 ƙarama, i5 matsakaiciya, i7 babba, i9 ta ƙoli. Amma fa wannan jerin a cikin zubi ɗaya kawai yake aiki. Kamar aji ne a makaranta: na ɗaya a ajin firamare ba zai ja da na goma a ajin sakandare ba.

Na biyu, lambar da ke bayan ɗan layin nan, 8250. Lambar farko ita ce zubi, wanda 'yan kasuwa ke kira janareshan. A nan 8 ce, wato zubi na 8. In ka ga 6300U, zubi na 6 ne. In ka ga 4200U, na 4 ne. Daga zubi na 10 zuwa sama, lambobi biyun farko ake karantawa: 10210U na 10 ne, 1135G7 na 11 ne, 1235U na 12 ne. Kar ka ga 1135 ka ce ai zubi na ɗaya ce. Na ɗayan lambobi uku kacal suke da su, kamar i5-520M.

Sanin zubi shi ne sanin shekarun na'ura. Zubi na 4 ya fito a 2013, na 6 a 2015, na 7 a 2016, na 8 a 2017, na 10 a 2019, na 11 a 2020, na 12 na laftof kuma a farkon 2022. A Disambar 2023 Intel ya fito da sabon suna, Core Ultra, ya cire harafin "i" ɗin. In ka ga Core Ultra 5 125U, to sabuwa ce, kuma kuɗinta ma zai gaya maka.

Na uku, harafin ƙarshe, U. Za mu zo kansa, domin shi ne ya shafi batir.

Misalin da ya kamata kowa ya haddace

Ga furosesa biyu da suka cika kasuwar 'yan hannu:

Core i7-7500U: zubi na 7, kor 2, layi 4, sauri daga 2.7 zuwa 3.5 GHz.

Core i5-8250U: zubi na 8, kor 4, layi 8, sauri daga 1.6 zuwa 3.4 GHz.

Wanda bai sani ba zai ga i7, ya ga 2.7 ta fi 1.6, ya ɗauki ta farko, wataƙila ma ya biya ƙari. Alhali ta biyun tela huɗu gare ta, ta farkon biyu. A ƙaramin aiki guda ɗaya, kamar buɗe Word, kusan kunnen doki suke. Amma in ka buɗe Chrome da shafuka ashirin, ga PDF, ga Excel, ga Zoom, ko ka zo haɗa bidiyo, i5 ɗin nan za ta bar i7 a baya, ba da wasa ba.

Dalili shi ne, har zuwa zubi na 7, duk i5 da i7 masu harafin U kor biyu-biyu ne. A zubi na 8 ne Intel ya ninka su zuwa huɗu. Wannan tsallen ya fi duk bambancin da ke tsakanin i5 da i7 na zubi ɗaya. Wani babban tsallen ya sake faruwa a zubi na 12, inda aka fara haɗa kor iri biyu, manya masu ƙarfi da ƙanana masu tattalin wuta. Core i5-1235U tana da kor 10, manya biyu da ƙanana takwas. Har ƙanwarta i3-1215U tana da kor 6, kuma ta fi waccan i7-7500U nesa ba kusa ba. Ka ga ke nan i3 ta ka da i7.

Ƙa'idar a taƙaice: fara tambayar zubi, sannan matsayi. Tsakanin i5 da i7 na zubi ɗaya masu harafin U, bambancin yawanci kaɗan ne. Gara ka ɗauki i5 ɗin, rarar kuɗin ka ƙara RAM.

Iyakar da bai kamata a sauka ƙasa da ita ba

Akwai wani dalili na biyu da ya sa zubi na 8 ya zama iyaka. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ita ce ranar da Microsoft ya tsayar don daina kula da Windows 10 ta hanyar da aka saba, wato sabunta tsaron da ake turo wa kowa kyauta. Windows 11 kuma, wadda ta fito a Oktoban 2021, a hukumance tana buƙatar Intel zubi na 8 zuwa sama, ko AMD Ryzen na laftof jerin 3000 zuwa sama, tare da wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0.

Za ka tarar da laftof 'yar zubi na 6 a shago tana ɗauke da Windows 11, mai shago ya ce maka "ga shi nan tana yi". Gaskiya ne ana iya cusa ta ta bayan gida. Sai dai Microsoft bai ɗauki alkawarin ci gaba da turo mata sabuntawa ba, kuma duk ranar da wani abu ya cije, kai da mai gyara ne. Wanda ya riga yana da tsohuwar na'ura, ba cewa aka yi ya jefar ba. Za ta ci gaba da aiki, kuma ana iya sa mata Linux irin su Ubuntu ko Mint. Amma wanda yau zai cire kuɗi ya saya, bai kamata ya sayi abin da zamani ya riga ya juya wa baya ba.

A cikin 'yan hannun da suka fi yawo a kasuwanni irin su Beirut Road a Kano, Banex a Abuja da Computer Village a Legas, ga yadda lissafin yake: HP EliteBook 840 G3 zubi na 6 ce, G4 na 7, G5 da G6 yawanci na 8, G7 na 10, G8 na 11. Lenovo ThinkPad T470 na 6 ko na 7 ce, T480 yawanci na 8. Dell Latitude E7470 na 6 ce, 7490 yawanci na 8. Na ce "yawanci" saboda akwai G5 da T480 da 7490 da suka zo da furosesar zubi na 7. Don haka sunan jikin na'ura bai isa ba, sai an duba ciki.

Harafin ƙarshe da maganar wuta

U na nufin mai tattalin wuta, an tsara ta a kan wat 15. H na nufin mai ƙarfi, wajen wat 45, ita ake sa wa manyan laftof na wasanni da na zane. P tsakiya ce, wat 28. Y kuma ta fi kowa ƙarancin ci, amma ta fi kowa sanyin jiki. Waɗanda suka ƙare da G1 ko G7, kamar 1135G7, 'yan gidan U ne, lambar tana nuna ƙarfin ɓangaren hoton da ke cikinsu.

A ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa, wannan ƙaramar magana ce. A hostal ɗinmu kuwa babba ce. Yi lissafi da kanka. Ana auna batir da Wh. In batirinka Wh 50 ne, na'urar kuma gaba ɗayanta tana cin wat 10, za ka samu awa biyar. In tana cin wat 25, awa biyu ke nan. Mai H in ta kama aiki mai nauyi takan wuce haka ma. Ga cajarta ƙatuwa, ga nauyi a jaka, ga fanka tana kuka a laburare kowa yana waiwayenka.

Sannan akwai zafi. Daga Maris zuwa Mayu, a garuruwa irin su Sakkwato, Maiduguri da Kano, zafi kan wuce digiri 40. Furosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudunta da kanta don kar ta ƙone. Ke nan i7 mai H da aka cusa a siririn jiki, fankarta ta sha ƙurar hunturu, aka kuma ɗora ta a kan katifa, za ta iya yin tafiyar hawainiya. Ka ɗora laftof a kan tebur ko faranti, ka kai a share fankar aƙalla bayan kowane hunturu, a canja man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta in ya bushe.

In aikinka bai buƙaci H ba, kar ka saye ta don burga. Kuma in ka samu wadda ake caji ta USB-C, riba ce, domin fawa bank mai ba da wat 65 zai iya ɗaga ta ranar da aka kwana babu wuta.

AMD Ryzen fa?

Har yanzu akwai masu gudun AMD suna cewa zafi take yi. Wannan sunan tsofaffin AMD ne suka jawo shi, irin su A4, A6 da A9, kuma waɗannan kam a guje su. Amma Ryzen wani gida ne daban. Jerinta kamar na Intel yake: Ryzen 3, 5, 7, 9.

Ryzen 5 3500U ta 2019 tana da kor 4, layi 8, sa'ar i5 zubi na 8 ce. Ryzen 5 4500U ta 2020 tana da kor 6. Ryzen 5 5500U ta 2021 tana da kor 6, layi 12, Ryzen 7 5700U kuma kor 8. Ɓangaren hoton da ke cikinsu, Radeon, ya fi na Intel zubi na 8 da na 10 masu UHD. Kuma da yake mutane suna gudunsu, wani lokaci sukan fi sauƙin kuɗi.

Sai dai akwai tarko a jerin 7000. A nan lambar farko shekarar fitowa take nunawa, lamba ta uku ce ke nuna zubin ƙirar, wanda suke kira Zen. Ryzen 5 7520U, lambarta ta uku 2 ce, wato Zen 2, kuma kor 4 ne da ita. Ryzen 5 7530U Zen 3 ce, kor 6. Ryzen 5 7540U Zen 4 ce. Ka ga 7520U duk da girman lambarta, a aiki mai nauyi 5500U ta fi ta. In ka ga Ryzen 7000, idonka ya tafi kan lamba ta uku.

Sabuwa a kwali mai araha

Akwai laftof sababbi fil, siraran nan masu sheƙi, da kuɗinsu bai kai na tsohuwar EliteBook ba. Duba cikinsu, yawanci Celeron N4020 ce ko 'yar uwarta, RAM 4GB a like, ma'ajiya kuma eMMC mai 64GB, irin ta waya. N4020 kor 2 ce, layi 2, kuma ƙananan kor ne. Windows kaɗai ta kusa cinye ƙarfinta da wurin ajiyarta. Za ta buga wasiƙa, za ta kunna fim, amma ranar da ka ɗora mata AutoCAD ko Android Studio za ka gane araha ba ta ado. Intel N100 ta 2023 ta fi su dama, kor 4 ce, za ta yi wa mai rubutu da bincike a intanet, amma ita ma iyakarta ke nan.

MacBook da Snapdragon

Apple ya fito da M1 a Nuwamban 2020, mai kor 8. MacBook Air mai M1 ko fanka ba ta da ita, tana da gudu, batirinta kuma yana wuni. Ga mai fama da rashin wuta abin sha'awa ce. Amma kafin ka saya, tambayi manhajojin sashenku. Revit, SolidWorks, ArcGIS Pro da Proteus na Windows ne, ba su da na Mac. AutoCAD, MATLAB da SPSS suna da shi. Sannan RAM da ma'ajiyar MacBook a like suke, abin da ka saya shi ke nan, kuma gyaranta akwai tsada. Tsofaffin MacBook masu Intel kuwa Apple yana ta janye hannu daga gare su, ba abin zuba kuɗi ba ne yanzu.

Haka laftof masu Snapdragon X da suka fito a 2024. Windows ce a kansu, batir mai kyau, amma ƙirar furosesar daban ce, ARM, irin ta waya. Wasu tsofaffin manhajoji da direbobin na'urorin lab kan ƙi aiki a kansu. Ɗalibin injiniya ya yi hattara.

Wane sashe, wace furosesa?

Masu karatun mulki, kasuwanci, akanta, banki, OTM, laburare da makamantansu: aikinku Word, Excel, PowerPoint, SPSS, Sage da intanet ne. Core i5 zubi na 8 ko Ryzen 5 3500U, da RAM 8GB da SSD 256GB, ta ishe ku har ku gama. Mai H asarar kuɗi ce a gare ku.

'Yan kimiyyar kwamfuta: rubuta HTML, Python ko Java ba ya buƙatar wani ƙarfi. Inda ake shan wuya shi ne Android Studio da kuma kunna wata kwamfutar a cikin taku da VirtualBox. Nan yawan kor da RAM ke aiki. Ku nemi aƙalla kor 4, in da hali 6 kamar Ryzen 5 5500U, ko i5 zubi na 11 zuwa sama, da RAM 16GB.

'Yan lantarki, sibil da makanikal: AutoCAD na zanen shimfiɗe yawancin aikinsa a kan kor ɗaya yake, don haka sabon zubi ya fi masa amfani a kan yawan kor. i5-1135G7 za ta riƙe shi, ta riƙe MATLAB da Proteus. In SolidWorks ne da manyan haɗe-haɗe, sai a fara tunanin H.

'Yan zanen gine-gine, safiyo da tsara birane, da 'yan aikin jarida masu haɗa bidiyo: ku ne H ta dace da ku. Revit, Lumion da Premiere Pro suna son kor da yawa, RAM 16GB, da katin hoto na daban irin NVIDIA GTX 1650 ko RTX 3050. Lumion musamman a kan katin hoto ya dogara, ko i9 ka saya babu kati, wahala za ka sha. Ku dai ku san batir ba zai yi muku daɗewa ba, sai a riƙa neman kujera kusa da soket.

In kana shakka, je ka sashenku ka tambayi mai kula da lab da 'yan HND manhajojin da za a yi amfani da su nan gaba. Kowace manhaja tana da jerin abin da take buƙata a shafin kamfaninta. Daidai ruwa daidai tsaki.

Furosesa ba ta aiki ita kaɗai

Mu koma shagon ɗinki. RAM ita ce faɗin teburin yanka. In tebur ƙarami ne, ko tela goma ne sai sun jira juna. A yau 4GB ta yi kaɗan, 8GB ita ce mafi ƙaranci, 16GB kwanciyar hankali. Ka tambaya ko RAM ɗin a like take ko akwai ramin ƙari. T480 da EliteBook 840 G5, alal misali, rami biyu gare su. Sanda biyu na 8GB sun fi sanda ɗaya na 16GB, musamman ga ɓangaren hoto na cikin furosesa.

Ma'ajiya kuma ita ce sito. HDD, tsohon faifan nan mai juyawa, kamar sito ne a bayan gari, duk yadin da ake so sai an hau mashin. SSD kuma sito ne a cikin shago. Yawancin laftof ɗin da ake cewa "tana sulo", ba laifin furosesa ba ne, HDD ne. i7 mai HDD da RAM 4GB za ta fi i3 mai SSD da 8GB ɓata maka rai. SSD 256GB ta fi HDD 1TB amfani ga ɗalibi.

In ka shiga shago

Ba a cinikin biri a sama. Ka tafi da wanda ya sani, kuma kar ka biya sai ka yi waɗannan da hannunka:

1. Manta da sitikar da ke jiki, ana sayar da ita a kasuwa. Danna Ctrl, Shift da Esc tare, shiga Performance, ka danna CPU. Za ka ga cikakken suna, yawan kor da yawan layi. A nan kuma za ka ga RAM, da ko ma'ajiyar SSD ce ko HDD.

2. Sunan da Windows ke nunawa ana iya yi masa kwaskwarima. Don haka ka kashe ta, ka shiga BIOS: F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad. Ka tabbatar suna ɗaya ne, kuma babu fasuwod a BIOS ɗin. Ko ka zo da CPU-Z a filashi.

3. Rubuta sunan furosesar a wayarka tare da kalmar PassMark, ka yi haka ga ɗayar da kake gwadawa da ita. Ka duba maki biyu, na kor ɗaya da na duka. Minti biyu ya isa ya raba gardama.

4. Buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport. Zai fitar da rahoto mai nuna ƙarfin batir na asali da abin da ya rage. In ya koma rabi, ka sa kuɗin sabon batir a cikin cinikin.

5. Kunna bidiyo, buɗe shafuka da yawa, ka bar ta minti goma sha biyar. Saurari fanka, taɓa ƙasanta. In ta ɗau zafin da hannu ba ya iya zama, ko ta mutu da kanta, ajiye ta.

6. Gwada duk maɓallai, ramukan USB, kyamara, Wi-Fi da caja. A rubuta maka rasit mai ɗauke da cikakken sunan furosesa, lambar na'ura da kwanakin garanti.

In mai shago ya ce "i7 ce, ba sai ka duba ba", ka ce, "Alhaji, a yi haƙuri, wane janareshan ce?" Ɗan kasuwar kirki ba ya jin haushin wannan tambayar, shi da kansa zai buɗe maka.

A riƙe waɗannan

Zubi kafin matsayi. Kar a sauka ƙasa da Intel zubi na 8 ko Ryzen 5 3500U. Aƙalla kor 4. U ga mai son batir, H ga wanda aikinsa ya tilasta masa. RAM 8GB zuwa sama da SSD, babu ragi. In kuɗi ba su kai ba, gara i5 mai kyau da RAM 8GB wadda za a ƙara mata daga baya, a kan i7 tsohuwa da ba ta da gobe. In kuma har yanzu ba su kai ba, a ƙara haƙurin wata biyu ana zuwa lab da kafe. Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida.

Wanda ya karanta ya gane, ya taimaka ya raka abokinsa ko ƙanwarsa kasuwa. Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa da furojet.